Mai Bin Bashin da Ba a Yi wa Ragi

Idan baitulmalin ƙasa ya bushe, 'yan kasuwar da ke sayen takardun lamunin gwamnati su ne farkon masu ja da baya. Bankunan raya ƙasashe kuwa a lokacin suke ƙara buɗe hannu. Bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya, reshen Bankin Duniya mai ba ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi rance ya ɗaga alkawarinsa daga dala biliyan 13.5 a 2008 zuwa sama da biliyan 44 a 2010. Wannan abin a yaba ne, domin kuɗin ruwansu bai kai na kasuwa ba, wa'adin biya kuma mai tsawo ne.

Sai dai abin da ya faru a Gana ya isa a tsaya a duba. A Disamban 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari, sidi, kuɗin ƙasar, ya zube, gwamnati ta dakatar da biyan mafi yawan bashinta na waje. Amma ba ta taɓa na Bankin Duniya da na asusun IMF ba, saboda al'adar da aka daɗe a kai ita ce su ake fara biya, kuma ba a yi musu ragi. Hujjarsu ita ce, da zarar an fara zaftare musu, ba za su iya samo kuɗi da rahusa su ranta wa kowa ba. Hujjar tana da ƙarfi. To wa ya ɗauki nauyin?

Kafin IMF ta amince da rancen dala biliyan 3 a Mayun 2023, sai da gwamnati ta sauya wa 'yan ƙasa takardun lamuninsu da wasu masu ƙarancin riba da dogon wa'adi. An ƙara haraji, an ƙara kuɗin wuta. Tsofaffi 'yan fansho sun yi ta zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Akra, suna neman a bar musu guminsu. Masu takardun lamunin waje ma sun yafe kashi 37 cikin ɗari na kuɗinsu a 2024.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne jinkirin. Tallafin kasafin kuɗi na dala miliyan 300 daga Bankin Duniya bai samu amincewa ba sai a Janairun 2024, fiye da shekara guda bayan ƙasar ta gaza biya, kuma duk tsawon wannan jira magidanta ne ke auna kwanon shinkafa da sidin da ya rasa daraja.