Faifai Biyu a Kwamfuta Ɗaya Ba Ajiya Ba Ce

Akwai wata magana da na gaji da ji a bakin masu ɗaukar bidiyon biki da masu shagon kwamfuta, daga Karaye har Rogo. Mutum zai shiga Kano ya sayo faifan ajiya guda biyu, wanda masu gyara ke kira had-dis, a haɗa masa su a ce an yi masa RAID, ya dawo yana bugun ƙirji wai aikinsa ya gama ɓata har abada. Wannan ruɗi ne, kuma abin haushin shi ne amanar mutane ce a hannunsa: hotunan ɗaurin aure, takardun makaranta, kundin digirin ɗalibai.

RAID dabara ce ta haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda. Wasu masana uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, su suka yaɗa sunan a wata takarda ta 1988. Wanda aka fi yi wa mutanenmu shi ne RAID 1, inda duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya, nan take ake rubuta shi a ɗayan.

To a nan gizo ke saƙar. Abu ɗaya tak RAID 1 yake karewa, wato faifai ɗaya ya mutu a ci gaba da aiki da ɗan'uwansa. Amma yaron shago ya goge bidiyon kamu bisa kuskure fa? Ya gogu a duka biyun kafin ka ce kwabo. Bairos ya shigo ta filashin wani? Duka biyun zai ci. Wuta ta dawo da ƙarfi, ko aradu ta faɗi da damina? Ai waya ɗaya ke ba su wuta. Ɓarawo kuwa ba ya tsayawa kwance faifai, kwamfutar yake sunguma. Kamar wanda ya raba kuɗinsa a aljihu biyu na riga ɗaya ne, aka sace rigar a shanya. Gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris na 2016 ba ta tambayi faifai nawa ne a shagon kowa ba.

Kada a ce matsalar ƙananan mutane ce. A 1998 wani umarni da aka ba kwamfuta bisa kuskure ya goge mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka. Da suka duba ajiyarsu, ashe ita ma ta lalace. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata ma'aikaciya mai jego ta ajiye a kwamfutar gidanta.

Sai masu neman ƙarin wuri. RAID 1 ba ya ƙara komai: tera 4 da tera 4 tera 4 za su ba ka, in kuma ka haɗa tera 4 da tera 2, biyu za ka samu. RAID 0 ne ke ba da takwas ɗin, ga sauri, shi ya sa masu tace fim ke sonsa, amma faifai ɗaya ya mutu komai ya tafi. RAID 5 yana son faifai uku zuwa sama, yana cinye wurin guda, yana jure mutuwar guda. RAID 6 da RAID 10 sai da huɗu. Ga mai ƙaramin shago, ni dai ban ga abin da ya kai RAID 1 da faifan waje ba.

Ka sayi faifan waje, ka kwafe aikin ranar, sannan ka zare shi ka tafi da shi gida. Na ce ka zare, domin wanda ke jone dare da rana duk abin da ya sami kwamfutar zai same shi. In da hali a yi biyu, ana musanya su mako-mako. Takardu marasa nauyi ka ɗora su a Google Drive. Lokaci-lokaci ka buɗe kwafin ka ga ko yana buɗuwa. Ka riƙa duba lafiyar faifan RAID ɗin ma, don guda kan mutu kwamfuta ta ci gaba da aiki wata da watanni ba ka sani ba, sai ranar da na biyun ya bi shi. Kada ka sayi biyun daga kwali ɗaya, tare suke tsufa, kuma ka guji na gwanjo. Ka sa UPS tsakanin kwamfutarka da janareta. Zafi da ƙurar hunturu ma suna kashe faifai.

In ka tashi ƙara faifai ko sauya RAID ɗin zuwa wani nau'in, ka kwafe komai waje tukuna, domin sau da yawa sai an share faifan kafin a sake haɗawa. Don Allah ɗan'uwa, kada ka bari a taɓa kwamfutar sai kwafin yana hannunka.