Gaskiya ko Jita-jita: Sai Mai Dizal Ke Iya Ture Ƙanƙara a Amurka?

A watan Nuwamban 2014, dusar ƙanƙara ta sauka a kudancin birnin Buffalo na jihar New York har ta kai mita 2 a wasu unguwanni cikin 'yan kwanaki. Share manyan tituna aikin hukuma ne, kuma tana da manyan motocinta. Amma ƙofar gida, da filin ajiye motoci na kantuna, da harabar ma'aikatu, galibi 'yan kwangila ne ke share su da manyan a-kori-kura waɗanda aka ɗaura wa garmar ƙarfe a goshi. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje da yawa a arewacin Amurka da Kanada. Motocin da aka fi yin ta da su sanannu ne: Ford F-250 da F-350, Chevrolet Silverado 2500HD da 'yar'uwarta GMC Sierra, sai Ram 2500 da 3500. Kowace ana sayar da ita iri biyu, mai shan fetur da mai shan dizal, kuma gardamar wacce ta fi ba ta ƙarewa a bakin masu sana'ar.

Da a ce mu za a tambaya, ai an gama shari'a. Tirela dizal, tarakta dizal, janareton kamfani dizal, saboda haka duk inda aka ce aikin ƙarfi, hankalinmu can yake tafiya. Su ma Amurkawa da yawa haka suke gani, suna cewa a-kori-kura mai fetur ta zuwa cefane ce.

Batun ƙarfi dai gaskiya ne, babu ja. Injin Power Stroke na Ford mai lita 6.7, a samfurinsa mafi ƙarfi na 2023, yana ba da ƙarfin doki 500, ƙarfin murɗa taya kuwa 1,200 a ma'aunin da suke amfani da shi. Injin fetur na kamfanin mai lita 7.3 doki 430 ne, murɗawa 485, wato bai kai rabin na dizal ba. Sai dai mai ture ƙanƙara ba ya samun damar more wannan ƙarfi. A kan daɓen da ya yi santsi, tun kafin inji ya fara nishi taya ta riga ta fara juyawa a banza. Abin da ke tura tarin ƙanƙara gaba shi ne kamun taya, shi ya sa za ka ga direbobi sun sa tayoyin sanyi, sun haɗa jan ƙafa huɗu, sun kuma jera buhunan yashi ko gishiri a bayan bodi don tayoyin baya su danne ƙasa. Idan an yi wannan, mai fetur tana ture abin da mai dizal za ta ture. Cewa sai dizal ke iya garma jita-jita ce.

Akwai masu cewa nauyin injin dizal ma riba ne, tunda yana danne goshin mota. A nan mutane suka fi yin asara. Duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata 'yar takarda manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, an rubuta iyakar nauyin da ƙafafun gaba za su ɗauka, da na baya, da na motar gaba ɗaya. Injin dizal, da batir biyu da sauran tarkacensa, yana ƙara wa mota nauyin da ya kai kilo 300 ko fiye, kuma mafi yawansa a gaba yake zaune. Garma irin ta 'yan kwangila tana da kilo 350 zuwa 450, ga ta kuma rataye can gaban bamba, inda nauyinta yake ƙara rinjaya a kan ƙafafun gaba. Ka haɗa da direba da yaronsa, sai ka ga mai dizal ta cika iyakarta ko ta wuce, alhali mai fetur tana da sauran sarari. Kamfanonin ƙera garma irin su Boss na jihar Michigan, da Western na Wisconsin, da Fisher na Maine, suna da shafin da mutum zai sa bayanan motarsa a nuna masa garmar da ta dace da ita, kuma sau da yawa mai dizal mai kujeru biyar zaɓinta ya fi ƙaranci. Wanda ya yi kunnen uwar shegu da takardar nan ta ginshiƙin ƙofa zai biya a sifirin da boljoyin da birki. Su kansu masu ƙera motocin suna sayar da wani tsari na musamman don aikin garma, mai sifirin gaba masu ƙarfi da babban altaneta, domin famfon da ke ɗaga garmar da wutar batir yake aiki, kuma yana shan ta sosai.

Magana ta uku ita ce wadda na fi jin tausayin masu riƙe da ita, domin a da gaskiya ce. Ana cewa dizal ba ya gajiya, ka bar shi yana silo dare guda ba abin da zai same shi. Sunan nan ya samo asali ne daga tsofaffin injuna, musamman Cummins mai lita 5.9 da ya shiga motocin Dodge a 1989, inji mai sauƙin gyara da daɗewa. Amma daga 2007 dokar hayaƙi ta Amurka ta tsananta, aka fara sa wa a-kori-kura masu dizal wata filta a cikin salansa da ke kama baƙin hayaƙi. Filtar tana cika, kuma hanyar wanke ta ita ce a ƙona abin da ta tara da zafin da ya kai kusan digiri 600. Wannan zafi ya fi samuwa idan mota ta miƙe a babban titi ta yi tafiya mai ɗan tsawo ba tsayawa.

To, dubi daren mai garma. Ƙarfe uku na dare ya shiga filin wani kanti, ya sauke garma, ya tura mita hamsin, ya ɗaga, ya sa ribas, ya dawo, ya sake. Haka zai yi ta yi ɗaruruwan sau, ba ya wuce gudun mai keke. Idan ya gama ya tsaya yana silo yana jiran gishiri ko yana ɗumama hannu, sannan ya matsa fili na gaba mai nisan minti biyar. Irin wannan aiki shi ne ainihin abin da filtar ba ta so. Motar za ta fara ƙona hayaƙin, a katse ta, ta sake farawa, a sake katsewa, har fitilar gargaɗi ta kama, daga nan kwamfutar mota ta rage wa inji ƙarfi a tsakiyar aiki. Injin fetur na waɗannan motoci bai san da wannan damuwa ba.

Wasu sai su ce ai da sauƙi, a cire filtar. Dokar tsabtar iska ta Amurka ta haramta hakan, ga mai cirewa da mai sayar da kayan cirewa, kuma hukumar kare muhalli ta ƙasar ta kiyasta a 2020 cewa an yi wa a-kori-kura fiye da 550,000 wannan aika-aika cikin shekara goma. Ni ban ga dabara a sayen mota mai tsada da niyyar karya doka don ta yi aiki ba, ga kuma hayaƙin da maƙwabta za su shaƙa.

Su ma masoya fetur suna da tasu jita-jitar, wai dizal ba ya tashi da sanyi. An yi ƙari a ciki. Gaskiya ne dizal yana da kaki a jikinsa, kuma idan sanyi ya yi tsanani yakan yi kauri kamar yadda man ja ke daskarewa da hunturu, ya toshe filtar mai. Amma gidajen mai na jihohin sanyi suna sauya haɗinsu idan lokacin ya zo. Jihar Minnesota, wadda ta wajabta kashi 20 na man tsirrai a cikin dizal lokacin zafi, tana rage shi zuwa kashi 5 lokacin sanyi. Akwai kuma hitar da ake jona wa inji da wutar gida ya kwana da ɗumi. Ruwan yuriya da ake zuba wa sababbin motocin don tsabtace hayaƙi yana daskarewa a digiri 11 ƙasa da sifili, amma tankinsa yana da hita. Mai kula da motarsa za ta tashi. Abin da ya rage shi ne injin dizal yana jinkirin yin zafi, don haka ɗakin direba da gilashin gaba sukan daɗe ba su ɗumama ba.

Saura kuɗi. Dizal ya fi fetur auki, wannan gaskiya ne: lita guda tana ɗauke da ƙarfin da ya fi na fetur da kusan kashi 13, injinsa kuma ya fi tattali. Amma a Amurka dizal ya fi tsada a famfo kusan kullum tun 2004. Harajin tarayya kaɗai santi 24.4 ne a galan, na fetur 18.4, kuma a watan Yunin 2022 galan ɗin dizal ya kai kusan dala 5.81 lokacin da fetur ya tsaya wajen dala 5. Zaɓar injin dizal a sabuwar mota yana ƙara wajen dala 10,000 ko fiye. Juyen baƙin mai ya fi cin lita, ga filtocin mai, ga ruwan yuriya, idan kuma famfon mai ko injekta suka lalace lissafin dubban daloli ake yi. Mai dizal takan yi daraja wajen sayarwa, ta maido wani kaso. Sai dai motar garma awanninta suna da yawa, kilomitocinta kaɗan ne, kuma a kilomita ake cin ribar dizal.

Ko da injin zai kai shekara ashirin, gishirin da ake barbaɗawa a tituna yana cin shasi da bututun birki, giyabos kuma yana shan wahalar gaba da ribas. Sau da yawa motar ce ke mutuwa ta bar injin da ransa.

Inda dizal ba shi da na biyu shi ne ja. Mai jan tirelar shanu ko injin tono mai nauyin tan bakwai ko goma, mai tafiyar ɗaruruwan kilomita, mai hawan duwatsun Colorado inda babban titi yake kai mita 3,400 kuma injin da ba shi da turbo yake rasa numfashi, wannan dizal ne nasa. A gangare ma birkin salansa yana riƙe masa kaya ba tare da ya ƙone birkin taya ba. Ɗan kwangilar da ke ture ƙanƙara wata huɗu, sauran wata takwas yana jan manyan kaya, yana da hujjar sayen dizal. Wanda garma da ɗaukar kaya a cikin gari ne aikinsa, fetur ya fi masa.

Wasu daga cikin waɗannan motoci idan sun tsufa sukan iso mu ta tashar jiragen ruwan Kwatano da Legas. Mai niyyar saye ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin bamban gaba: idan ya ga ƙarafan ɗaura garma ko ramukan kusoshinsu, ya san motar ta yi aikin ƙanƙara, sai ya sa makanike ya duba shasi da giyabos da ƙafafun gaba da kyau. Idan mai dizal ce ta bayan 2007, an ƙera ta ne don man da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Ka tabbatar kana da inda za ka samu irin wannan mai kafin ka biya kuɗi.