Birin Zanzibar Mai Cin Gawayi da Kuɗin 'Yan Yawon Buɗe Ido

A tsibirin Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar da ke cikin Tekun Indiya a gabashin Tanzaniya, akwai wani irin biri da masana ke kira jan kolobas. Asalinsa na wannan tsibiri ne kaɗai. Bayansa ja ne, kafaɗunsa baƙaƙe, ga farin gashi ya kewaye masa fuska tamkar furfurar dattijo. Kada ɗalibi ya ɗauka shi ne jan birin da aka sani a ƙasar Hausa. Wancan mai gudu ne a ƙasa, wannan kuwa mazaunin kan itace ne, kuma babban yatsan hannunsa ɗan dungu ne kawai.

Abincinsa ganye ne da ɗanyun 'ya'yan itace. Tumbinsa ya kasu ɗaki-ɗaki kamar na dabbobi masu tuƙa, inda ƙwayoyin bakteriya ke narkar masa da ganyen. Abin mamaki shi ne, birai da ke kusa da gonaki sukan ci gawayi. Binciken da aka buga a 1997 ya nuna cewa ganyen mangwaro da na wasu itatuwan da aka kawo tsibirin daga waje suna ɗauke da sinadarai masu cutarwa, gawayin kuwa yakan tsotse su a cikin ciki kafin su shiga jini.

Sai dai gawayin nan da ya zame wa birin magani, shi ne kuma yake cinye masa gida. Akasarin jama'ar tsibirin da itace ko gawayi suke girki, ga neman filin noma da na gini. Ƙidayar da aka yi tsakanin 2013 da 2015 ta sami birai 5,862 kacal, cikin garke 342.

Manoma ba su taɓa ƙaunar wannan dabba ba. Da harshen Suwahili ana ce masa "kima punju", wato biri mai dafi, kuma an daɗe ana zarginsa da ɓarnar kwakwa. Da masana suka bi diddigin abin a shekarun 1990, sai suka tarar cin ƙananan kwakwar da yake yi bai rage amfanin gona ba. To amma manomin da ya ga biri a kan itacensa ba ya jiran sakamakon bincike.

Abin da ya sassauta wannan gaba shi ne kuɗi. A 2004 gwamnati ta mai da kurmin Jozani da gaɓar Chwaka gandun daji na ƙasa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 50. Baƙin da suka zo hutu bakin teku sukan biya kuɗin shiga domin su ga biran, ɗan jagora daga ƙauyukan kewaye yana gaba. Daga cikin kuɗin ake ware kaso na diyyar manoman da abin ya shafi gonakinsu, da na ayyukan ƙauyuka irin su makaranta da ɗakin shan magani. Da haka biri mai rai ya zama abin da ke kawo taro da sisi, kurmi a tsaye kuma ya sami masu tsaronsa.

Duk da haka, zuwan baƙi yana da nasa haɗari. Biri ɗan'uwan mutum ne ta fuskar halitta, saboda haka yana iya kamuwa da cututtukansa; shi ya sa ake hana taɓa biran ko ba su abinci. Hanyar mota da ta ratsa gefen kurmin ita ma ta yi ta kashe su, har sai da aka gina 'yan tuddai na rage gudu, sannan mace-macen suka ragu da kusan rabi. A 2020 kuwa, annobar korona ta tsayar da tafiye-tafiye, kuɗin shiga suka ja baya a wuraren buɗe ido na duniya baki ɗaya.

Babbar matsalar ita ce kuɗin baƙo yana tsayawa ne inda ƙafarsa ta tsaya. Jozani ya yi suna, motocin baƙi suna zuwa kullum. Amma akwai garkunan birai da dama a ƙananan dazuzzukan da ke warwatse a sauran sassan tsibirin, inda babu mai sayar da tikiti, sai masu gatari da buhunan gawayi.