Amsar Wasiƙun Masu Sauraro: Yaya Ake Yanka Sunan Yaro a Jikin Katako?

Wasiƙu biyu muka haɗa a wannan mako, domin kusan abu ɗaya suke tambaya. Ta farko daga wani kafinta ce a garin Ƙaraye. Ya ce wata baiwar Allah ta nuna masa hoton wani allo wanda aka yanka sunan yaro a jikinsa, kowane harafi ana cire shi a mayar da shi gurbinsa, ta ce ya yi wa 'yarta irinsa. Ya gwada da zarto da cizal, har ya ɓata katako biyu bai samu kan abin ba. Yana son ya san injin da ake yin wannan aiki da shi, kuma ko wanda ba shi da wutar lantarki a shagonsa zai iya. Ta biyu kuwa daga wata malamar Islamiyya ce a Rogo, tana tambaya ko abin yana da wani amfani ga yaro, kuma ko ana iya yinsa da ajami.

To Malam kafinta, da farko dai muna yi maka jajen katakonka. Ba rashin iya aiki ya jawo ba, kayan aikin ne ba nasa ba. Zarton da kake yanka falanki da shi bakinsa faɗi gare shi, ba ya shan kwana, cizal kuwa tsaga katako yake yi. Abin da ake yin wannan aiki da shi wani ɗan inji ne na kan teburi, Turawa suna ce masa sukurol so. Bakinsa siriri ne kamar tsinken tsintsiya, tsawonsa inci 5, an ɗaure shi sama da ƙasa, yana hawa yana sauka sau ɗaruruwa cikin minti guda. Kai kuma sai ka riƙa juya katakon a kan teburin kana bin zane, kamar dai yadda tela yake juya yadi a ƙarƙashin allurar keke. Ba ya cin wuta, yawancinsu ba su wuce wat 100 da 'yan kai ba, saboda haka ƙaramin janareto ko batirin sola yana ɗaukarsa.

Amma kada rashin injin ya karya maka gwiwa, don wannan sana'a ta girmi lantarki. Wanda ake danganta farkonta da shi wani mai zanen taswira ne a birnin Landan, sunansa John Spilsbury. Wajen shekarar 1766 ya manna taswirar Turai a kan siririn katako, ya bi iyakokin ƙasashe ya yanyanka, domin yara su riƙa haɗawa suna koyon labarin ƙasa. Da zarton hannu ya yi. Daga baya, cikin ƙarni na 19, aka ƙero wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Zarton hannun nan har gobe ana sayar da shi: ƙarfe ne lanƙwasasshe mai zurfin ciki, da siririn baki ɗaure a tsakani, ɗan'uwan wanda maƙeran zinariya suke yanka ado da shi. In ka shiga Kano ka tambaya wajen masu sayar da kayan aikin kafinta. Kuma ka sayi baki da yawa, don sai ka karya biyar ko shida kafin hannunka ya faɗa.

Sai batun katako. Filawud mai kyau, mai kaurin rabin inci, shi ya fi dacewa da fuskar allon, sannan wani siriri mai kwatan inci da za a manna a baya. Dalili kuwa, an jera ɓawonsa ne wani a tsaye wani a kwance, don haka siraran wurare ba sa ɓallewa. Ka duba gefensa tun a kasuwa, ko a 'yan katako na Na'ibawa ne ko a Zariya, in ka ga ramuka a tsakiya ka bar shi. In katako zalla kake so, malaina tana da sauƙin yanka, amma ta bushe sarai, in ba haka ba hunturu yana shigowa za ta lanƙwashe, haruffa su ƙi shiga. Ƙirya kuwa a bar wa masu sassaƙa turmi, cinye bakin zarto za ta yi. Abin da ba mu yarda da shi ba sam shi ne ragowar katakon rufi da aka shafa wa maganin gara ko baƙin mai, da kuma allon nan na garin katako da ake matsewa da gam. Duk abin da aka ba ƙaramin yaro, bakinsa zai fara kaiwa.

Yanzu a ce sunan yarinyar Ruƙayya. Haruffa 7 ke nan. Ka zana su manya a takarda, kowanne tsawon inci 3, kaurin jikinsa kada ya gaza rabin inci, ka bar tazarar rabin inci tsakanin harafi da harafi, da inci guda a gefe. Allon zai kama kamar inci 20 a tsawo, inci 5 a faɗi. Ka manna takardar a fuskar katakon.

To ga inda asirin yake, kuma muna zaton nan ne aka kayar da kai. Ba a yanka harafi daban a sassaƙa gurbinsa daban. Yanka ɗaya ne yake fitar da su duka biyun. Za ka huda ɗan ƙaramin rami a kan layin zanen, a kusurwar harafi inda ba zai fito fili ba. Ka kwance bakin zarton ta sama, ka zura shi cikin ramin, ka mayar ka ɗaure tamau, haƙoransa suna kallon ƙasa. Sai ka bi layin sannu a hankali har ka zagayo inda ka faro. Harafin zai faɗo, ramin da ya bari shi ne gurbinsa, ɗan abin da zarto ya ci kuwa shi ne sararin da zai sa ya shiga ya fita ba gardama. Haka za ka yi wa kowane harafi: huda, zurawa, yanka, kwancewa.

Abu biyu suke ɓata wannan aiki. Na ɗaya gaggawa. In ka tura katako da ƙarfi bakin zai lanƙwasa, ya yi zafi, ya tsinke. A wurin kwana kada ka tsayar da zarton, ka bar shi yana motsi kana juya katakon a kansa. Na biyu karkata. In bakin bai tsaya cak ba, gefen harafin zai fito a jirkice, ya shiga ta fuska ɗaya ya ƙi ta ɗayar. Mai zarton hannu ya samu ɗan falanki ya yi masa tsaga kamar bakin tsuntsu, ya kafa shi a gefen benci, ya ɗora aikin a kai, ya zauna ƙasa da shi yadda hannunsa zai riƙa sauka sak.

Haruffa irin su R da A suna da ɗan ciki. Shi za ka fara yankewa tun harafin yana jikin allo, sannan ka zagaye waje. Wasu suna manna ɗan guntun cikin a kan allon baya don kyau. Mu dai shawararmu a jefar da shi, gam yana saki. Ma'aunin da ake bi a Amurka ga kayan wasan yaran da ba su kai shekara 3 ba shi ne wani ɗan bututu mai faɗin inci ɗaya da kwata: duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya yana iya maƙale wa yaro a wuya. Saboda wannan ne ma ba mu son 'yan ƙusoshin katakon da ake kafawa a kan haruffa don a kama. Gara ka huda rami mai shigar yatsa a allon baya, daidai ƙarƙashin kowane harafi, yarinya ta turo shi ta baya.

In ka gama sai goga da sanfefa, a kashe duk wani kaifi. A biyun nan da Y biyun, ka yi ta gogawa har kowanne ya shiga gurbin ɗan'uwansa, don yarinya ba ta san wannan A ta farko ce waccan ta ƙarshe ba, in ta sa ya ƙi shiga za ta ɗauka ita ce ta yi kuskure. Sannan ka shafa farin gam a bayan allon fuska, kada ya malalo cikin gurabun, ka manna allon baya, ka danne da abu mai nauyi ya kwana.

Batun fenti kuwa, a nan muke roƙonka ka saurara da kyau. Binciken da aka yi a kan fentin mai da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya ya sha gano dalma mai yawa a cikinsa, musamman rawaya da ja, su ne kuwa launukan da ake so a kayan yara. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya gyaruwa. Ba a manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can ƙurar duwatsun zinariya ce ta jawo, ba fenti ba, amma gubar ita ce dai. Ka nemi fentin ruwa wanda aka rubuta ba dalma a cikinsa. In babu, kalar da mata suke sa wa kek tana kama farin katako, haka kurkur da lalle. In ta bushe ka narka kakin zuma da ɗan man kaɗanya ka shafe, ka goge da tsumma. Ko ba launi ma allon yana aikinsa.

Akwai inda ka fi na waje, Malam. Akwatin haruffan da ake shigowa da shi daga Sin ko Turai ba za ka samu Ƙ ko Ɗ ko Ɓ a ciki ba, alhali tun shekarun 1930 suka zauna a rubutun Hausa. Ruƙayya da Ɗahiru sai dai a wurinka. Ka dai kaurara lanƙwasar, don nan ne yake fara karyewa. Ɗan waƙafin sama na Sa'adatu ko Mas'udu kuma kada ka yanka shi shi kaɗai, ka haɗe shi da harafin da yake gabansa, ko ka zana shi a jikin allon.

Malama ta Rogo, amfani kam akwai. Wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantar ƙananan yara a birnin Rum a 1907, ta lura cewa yaro yana saurin riƙe harafi in ya shafa shi da yatsa yana faɗin sautinsa, tun hannunsa bai iya riƙe alƙalami ba. Ta yi musu haruffan sanfefa da waɗanda ake ɗauka a jera. A makarantun da suke bin tsarinta, wasula launinsu daban, baƙaƙe daban, kuma wannan ya dace da Hausa ƙwarai, tun da da gaɓa muke koyon karatu: ru, ƙay, ya. Sunan yaro kuwa shi ne kalmar da ya fi ji tun ran suna. Sai dai allon ba ya koyarwa shi kaɗai, sai an zauna da yaron ana faɗa yana maimaitawa.

Ajami yana yiwuwa, amma ba ta wannan hanya ba. Kin san baƙaƙen a haɗe suke, siffarsu tana sauyawa a farko da tsakiya da ƙarshe, ga ɗige-ɗige da wasula waɗanda in aka yanka su ba su fi ƙwayar masara ba. Abin da za ki sa kafinta ya yi shi ne ya yanka 'yan alluna masu kusurwa huɗu, inci 2 da rabi kowanne, a gurbi ɗaya dogo. Ke kuma ki rubuta sunan a kansu suna jere, daga dama zuwa hagu, baƙi ɗaya a kowane allo, yadda jelar wannan za ta tarar da kan wancan. In yaro ya jera daidai, layin rubutun zai haɗu. In ya saɓa, da idonsa zai ga ya yanke. Tawadar allo tana wankewa da miyau, don haka ki yi rubutun da fentin ruwan da muka ambata, a bar shi ya bushe kwana biyu kafin a shafa kakin.