SAƘON RIM DAGA GOMBE: A DUBA TAYA TUKUNA

GOMBE: Duk ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko ko Badun ko Anacha ya saba da saƙon gida. A dā atamfa ce da agogo da rediyo mai batir. Yanzu kuwa an sami wani sabon saƙo daga samarin Gombe, musamman in salla ta ƙarato. Ƙane ya bugo waya daga Jekadafari ko Tudun Wada, yana roƙon yayansa ya shiga kasuwar Ladipo da ke Mushin ya samo masa rim mai walƙiya, inci 18, watau ƙarfen nan da taya ke zama a kansa. Yayan kuma, gudun kada a ce Kurmi ta koya masa rowa, sai ya saya. Kuɗi ya ƙare a rim, a cike da tayoyin Beljiyam huɗu masu araha, a ɗora wa tirela mai komowa Arewa.

Dalilin wannan saƙo shi ne wasan mota. Samari suna ganinsa a wayoyinsu, kuma kowa na so a ce shi ne gwani. Amma wasan iri-iri ne. Akwai wanda aka saba gani a biranen Arewa ran ɗaurin aure, inda yaro zai murɗa sitiyari a tsakiyar titi, ƙura ta tashi, jama'a na ihu a gefe. Wannan ganganci ne, babu wani suna da ya dace da shi. Akwai kuma na ƙa'ida, wanda a Amurka ake kira otokuros, kuma a can shi ne ƙofar shiga ga mai koyon tsere.

Yadda ake yinsa shi ne a sami fili mai faɗi wanda aka killace, kamar tsohon filin jirgin sama, a jera robobi masu tsini a yi hanya mai kwana-kwana. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, agogo ne abokin hamayyarta. Zagaye ɗaya bai cika wuce minti guda ba, gudun kuma da wuya ya zarce na babbar hanya. Wanda ya ture roba ɗaya a ƙara masa daƙiƙa 2. Ƙungiyar SCCA ta Amurka ita ce babba a wannan harka, kuma tun 1973 take shirya gasar ƙasa kowace shekara.

To, abin da ya kamata yayan da ke Ikko ya sani game da wannan ƙungiya shi ne dokarta a kan motocin gida, ajin da yawancin masu koyo ke farawa. Ba a yarda a ƙara faɗin rim a kan wanda mota ta zo da shi daga kamfani ba, girmansa kuma kada ya ƙaru ko ya ragu da fiye da inci 1. Mutanen da ke shirya wasan ke nan, masu kuɗin sayen kowane irin rim. A gasar duniya ta tseren daji ma, in za a bi hanyar burji rim inci 15 ake sa wa mota, sai a kan kwalta mai laushi ake sa inci 18. Manya kuma za su tuna da Peugeot 504, wadda ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa ta a Kaduna. Wadda ake sayar wa jama'a rim ɗinta na ƙarfe ne, inci 14, kuma da shi ta yi shekaru tana jigila tsakanin Gombe da Jos.

Lissafin ba shi da wuya. A gefen kowace taya akwai rubutu, misali 195/65 R15 91H. Lambar farko faɗin taya ce, milimita 195. Ta biyu tana nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 ne na faɗin, watau wajen milimita 127. Sai 15, girman rim. Lamba 91 tana nufin taya ɗaya za ta ɗauki kilo 615, harafin H kuma iyakar gudunta, kilomita 210 a awa. In aka sa wa wannan mota rim inci 18, dole a rage tsayin roba don ƙafar ta shiga mazauninta, sai a koma kamar 225/40 R18. Yanzu abin da ke tsakanin ƙarfe da ƙasa milimita 90 ne kacal.

Wanda ya san Gombe ya san abin da wannan ke nufi. Manyan titunan cikin gari sun sami gyara tun da garin ya zama hedkwatar jiha a 1996, amma ƙasar rairayi ce, ruwan damina kuma yana cin gefen hanya yana barin kwazazzabai a unguwanni. Motar da za ta yi wasa ran Asabar ita ce za ta kai inna asibiti ran Litinin, ita ce kuma za ta kama hanyar Bauchi ko Kaltungo ko Dukku da iyali cike. Rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa babban rim, in na alminiyam ne mai araha ma ya tsage, sa'an nan a fara yawo wurin masu walda. Ga shi kuma babban rim yakan fi nauyi, sai mota ta yi nawa wajen tashi, birki ya ƙara wahala. Ashe an sayi ado ne an rage gudu.

In kuwa lalle sai an sayi rim, a tambayi ƙanen irin motar da shekararta, domin ramukan noti ba ɗaya ba ne. Marsandi noti 5 ne a da'irar milimita 112, tsofaffin BMW 5 a 120, Camry 5 a 114.3, Peugeot 406 kuwa 4 a 108. Na 112 da na 114.3 ido ba ya raba su, kuma akwai bakaniken da zai ɗaure da ƙarfi ya ce ya zauna. Bai zauna ba. Noti ne zai riƙa kwancewa a hankali, har ranar da ƙafa za ta yi nata wuri.

Taya ita ce babbar magana. Mota komai tsadarta, abin da ke taɓa ƙasa a kowace ƙafa bai fi tafin hannu ba, kuma birki da sitiyari duk a kan wannan ɗan wuri suke aiki. A dā Nijeriya tana yin tayarta. Michelin na da masana'anta a Fatakwal, Dunlop na da tata a Ikeja, tun farkon shekarun 1960. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta daina yi a 2008, daga nan kasuwa ta koma hannun masu shigo da kaya. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, amma duk wanda ya taɓa shiga kasuwar kayan mota ya gan su jibge.

Abu na farko da za a duba shi ne ranar haihuwar taya. A gefenta akwai layin da ya fara da haruffan DOT, ya ƙare da lambobi 4. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. In lambobin 3 ne kawai, to an yi ta kafin shekarar 2000, a bar ta ga masu yin takalmi da guga. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana faɗa wa direbobi shekara 4 ne wa'adin taya. Kamfanin Michelin kuwa ya ce bayan shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa kowace shekara, kuma ko zanenta bai suɗe ba kada ta wuce 10. Ko wanne aka bi, roba tana bushewa da tsufa, kuma zane mai zurfi ba shaida ba ne.

Na biyu shi ne wanda ya fi yaudarar mutane. Da yawa daga tayoyin Beljiyam na hunturun Turai ne, an yi su da roba mai taushi don ƙanƙara da sanyin da ya gaza awo 7. Alamarsu hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, zanensu kuma cike da ƙananan tsaga kamar an yi da reza. Da yake zanen na da zurfi, mai saye sai ya ga kamar ya yi tsintuwa. A kai irin wannan taya Gombe a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke kai wa awo 40, kwalta kuma ta fi haka, sai ta yi laushi, ta riƙa santsi a kwana, ta cinye kafin damina ta tsaya. A nemi kuma wurin da aka rubuta darajar jure zafi, A ko B ko C. Ga ƙasarmu A ta fi, C kuwa a gode wa mai kaya a yi gaba.

Ga mai koyo, sababbin tayoyi huɗu iri ɗaya, a kan rim ɗin da mota ta zo da shi, sun fi masa tayar tsere mai danƙo. Masu koyar da otokuros sukan ce taya mai danƙo tana ɓoye kuskuren direba, ta gida kuwa tana kuka kafin ta saki ƙasa, sai mai koyo ya gane inda iyakarsa take. Saura iska. Awon da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗumama. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, amma wasu masu faci ita suke bi. A filin wasa akan ƙara iska kaɗan, a shafa alli a kafaɗar taya, a zagaya sau ɗaya. In allin ya goge har gefe, taya na kwanciya, a ƙara. Da an gama a mai da ita yadda take kafin a hau titi.

Ko sabuwar taya ma sai an sa mata hannu. Wasu 'yan kasuwa, don rage kuɗin kwantena, sukan cusa taya uku ko huɗu cikin guda ɗaya, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta sha kama irinsu a Ikko. Wajen cusawa da zarowa wayar bakin taya ke lanƙwashewa. Saboda haka kafin a biya, a tsai da ita a ƙasa, a bi bakinta da yatsa ciki da waje, a mirgina ta a ga ko tana tafiya sak. Sa'an nan a ɗauki hoton lambobin gefen kowace ɗaya a aika Gombe, don ƙanen ya gwada da waɗanda direban tirela zai sauke masa a tasha.