Mai Gyaran Kwamfuta Da Ya Ƙera Jirgi: Darasi Ga Yaran Sharaɗa

Hausawa kan ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Duk wanda ya ratsa unguwannin da ke kewaye da masana'antun Sharaɗa a birnin Kano, da wuya ya rasa ganin yara suna tsintar waya da gwangwani da guntayen roba, suna haɗa 'yar mota ko fanka mai aiki da batir. Sau da yawa ladan irin wannan yaro shi ne tsawa, musamman in ya kwance rediyon gida ya kasa mayarwa. To amma kafin mu ɗaga bulala, ya kamata mu dubi labarin wani ɗan Kano wanda irin wannan sha'awa ta kai sunansa ƙasashen duniya.

A shekarar 2007, kamfanin dillancin labarai na Faransa, wato AFP, ya ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fizikis a Jami'ar Bayero, mai shekara 24 a lokacin. Sana'ar da yake samun na kashewa da ita ita ce gyaran kwamfuta da wayar salula. Da abin da ya tara a wannan sana'a, haɗe da gudummawar mahaifinsa, ya shafe wata takwas yana harhaɗa jirgi mai saukar ungulu a gida. Ya ɗora masa tsohon injin mota Honda Civic mai ƙarfin doki 133, ya ciro kujeru daga wata tsohuwar Toyota. Finafinai ne suka fara cusa masa sha'awar jirgin, sa'an nan ya bi intanet yana nazarin yadda ake sarrafa shi. Jirgin ya ɗaga, ko da yake bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba.

Wani zai ce ƙafa bakwai ai ba tashi ba ne. Amma mai karatu ya lura da abin da ake bukata kafin a kai ga hakan. Babbar farfelar da ke saman jirgin tana tunkuɗa iska ƙasa, ita kuma iskar ta tunkuɗa jirgin sama. Wannan ita ce doka ta uku ta motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687. Dokar nan kuma ita ce ke haifar da matsala: idan farfela ta juya dama, gangar jirgin za ta nemi juyawa hagu. Shi ya sa ake sanya ƙaramar farfela a wutsiya domin ta tsayar da shi. Igor Sikorsky, wanda ya daidaita wannan tsari a Amurka, sai a 1939 jirginsa ya fara ɗagawa, kuma yana da kamfani da injiniyoyi a bayansa.

Mene ne haɗin gyaran kwamfuta da ƙera jirgi? Tarbiyyar tunani ce. Ƙwararren mai gyara ba ya canki-canki. Idan aka kawo masa kwamfutar da ta ƙi tashi, yakan fara da akwatin wuta, wanda ke karɓar lantarki mai ƙarfin bolt 230 daga bango ya mai da shi bolt 12 da 5 da 3.3 da sassan ciki ke bukata. Yakan auna da mita. In wuta na fita daidai, sai ya matsa zuwa babban allo, ya duba ko wata kafasita ta kumbura, ko ƙurar hunturu ta toshe fanka har zafi ya sa na'urar tana kashe kanta. Yana canza abu ɗaya, ya gwada, kafin ya taɓa na biyu. Wannan ita ce hanyar binciken kimiyya da ake koyarwa a aji: lura, hasashe, gwaji, sa'an nan hukunci.

A nan ne maganar ta dawo Sharaɗa. Kano na da manyan unguwannin masana'antu uku: Bompai, wadda ta fi daɗewa, da Sharaɗa, da Challawa inda majemu suka yi yawa. A nan aka riƙa sarrafa fata da yadi da roba da alawa. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, faɗuwar darajar Naira ta tsadar da kayan gyara, sa'an nan ƙarancin lantarki da kwararowar yadi mai araha daga waje suka durƙusar da masana'antu da dama. Waɗanda suka rage kuwa, yawancin sababbin injunansu ƙananan kwamfutoci ne ke sarrafa su, suna ƙayyade zafi da gudu da awo. Ran da allo ɗaya ya ƙone, injin ya tsaya, ma'aikata su zauna, har sai an sami mai gyara. In babu shi a gida, dole a jira na nesa, a biya shi da tsada.

Kano ba baƙuwa ba ce wajen renon irin waɗannan yara. Tun 1977 aka buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. Abin da ya rage shi ne a haɗa allo da hannu. Malamin da ya sami matacciyar kwamfuta ya kawo ta aji a kwance ta, bayan an cire ta daga wuta, kuma kada a bar yara su buɗe akwatin wutar, domin yakan riƙe caji mai haɗari ko bayan an kashe. Ɗalibi kuma ya sani cewa basira ba ta wadatarwa sai da lissafi. Wanda bai san dokar Ohm ba, mita ba za ta gaya masa kome ba.

Iyaye kuwa, in yaro ya kwance rediyo, a sa shi ya zauna har ya mayar, a nema masa ubangida na gari a lokacin hutu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya sa mu dace.