Maganar Allah Madubi Ce

A ƙauyukan da muke ziyarta, idan aka karanta Afisawa sura 5, maigida yakan riƙe aya 22 ta biyayya domin matarsa, ita kuma ta riƙe aya 25 ta ƙauna dominsa. A koma gida, faɗa ya tashi kan hatsin da aka sayar babu shawara. Laifi tudu ne.

Amma Bulus ya ba mata nasu aikin, ya ba maza nasu. Bai naɗa kowa alƙalin wani ba. Yakubu 1:23 ya kwatanta Maganar da madubi, madubi kuwa mai riƙe da shi yake nunawa. 'Yan'uwa, kafin mu buɗe rumbu bana, kowa ya tambayi kansa: ayar da ta shafe ni, ina binta?